Layin Kansila

"Asibiti za mu, ranka ya daɗe," in ji Malam Luka, yana nuna kujerar baya. "Ga mara lafiya nan."

Ɗan sandan ya sunkuyo ya leƙa ta taga. Ƙarfe bakwai ta ɗan gota, safiyar zaɓe ce, an gitta benci da tsohuwar taya a kan titin da ya fita daga Kalgo, domin an hana motoci zirga-zirga sai yamma. A kujerar baya Baba Albarka na jingine da kafaɗar 'yarsa Binta. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, idanunsa sun koma ruwan ɗorawa. Wanda duk ya gan shi ba zai nemi takardar likita ba.

Ɗan sandan ya ɗaga hannu zai ce a janye bencin ke nan, sai tsohon ya buɗe ido.

"Ƙarya ta, yaro. Zaɓe za ni. Masama."

Malam Luka ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara ashirin da shida yana koya wa yaran firamare gaskiya da kishin ƙasa, yau ga shi an kama shi dumu-dumu tun rana ba ta yi zafi ba.

"Masama ta Gwandu, Baba? Ina katinka?"

"Wane kati?"

"Don Allah ka yi haƙuri, yallaɓai," in ji Binta. "Ciwon na ya taɓa mai kai."

Ɗan sandan ya dubi tsohon, ya dubi direban. "To, malam, asibiti ne ko zaɓe?"

"Gaskiya ni ma ban sani ba," in ji Malam Luka. Wannan kam iyakar gaskiyarsa ya faɗa.

Ɗan sandan ya tura bencin da ƙafa. "Ku je, Allah ya ba shi lafiya. In an tare ku a gaba, ku bar shi ya yi barci."

Malam Luka mutumin Zuru ne, aiki ya kawo shi Kalgo, ya kama haya bango ɗaya da gidan Baba Albarka mai gyaran keke. Shekara goma sha tara ke nan suna maƙwabtaka. Naman layya na tsallakowa ta katanga, shinkafar Kirsimeti na komawa ta nan. Abu ɗaya ne ya gagare su, shi ne maganar zaɓe. Malam Luka na son siyasa kamar ya ci da tuwo. In ya zauna gindin dalbejiyar da tsohon ke faci, zai kwaso labarin ƙasar da sojoji suka kori farar hula, da wadda shugabanta ya tsufa a kan kujera ya ƙi sauka, da wadda aka yi zaɓe aka miƙa mulki ba a fasa ko kwalba ba. Baba Albarka zai ci gaba da tsoma tayar keke a ruwa yana neman huji, in abin ya ishe shi ya miƙa hannu ya kashe rediyon da Malam Luka ya zo da shi. Bai taɓa yankar katin zaɓe ba. In motar 'yan siyasa ta shigo unguwa da lasifika, tattara kayan aikinsa yake ya shige gida.

Shi kuwa Malam Luka bai taɓa fashin zaɓe ba. Yanzu haka katinsa na aljihun gaba, rumfarsa ba ta fi taku ɗari uku daga ƙofar gidansa ba, amma ga shi ya ba ta baya yana tuƙi zuwa wata ƙaramar hukuma, da mutumin da ba shi da kati. In ya tuna haka sai kansa ya ƙara ɗaurewa.

Ranar Talata likita ya sallami tsohon, ya ja Binta gefe ya ce a kai shi gida a yi ta addu'a. Jiya Juma'a bayan la'asar sai tsohon ya aika aka kira maƙwabcinsa.

"Ticha, gobe aka zaɓe ko?"

"Gobe ne, Baba."

"Kai ni Masama. So nike in tsaya bayan Yaya."

Malam Luka ya dubi Binta. Shi bai ma san tsohon yana da wa ba. Binta ta ce sunan kawai ta sani, Abdulrasheed, tun tana goye aka baro garin.

A hankali, yana yi yana hutawa, tsohon ya ba da labarin. Zamanin soja ne, aka ce a yi zaɓen kansiloli, irin wanda ake kira ƙato-bayan-ƙato. Ba takarda, ba akwati, ba labule. Ɗan takara zai tsaya a fili, masu son sa su jeru a bayansa, a bi ana ƙirga kawuna gari duka na kallo. Abdulrasheed ya fito takara, ya tsaya a filin makaranta da sabuwar riga. Albarka ya fito daga gida, mahaifiyarsu na leƙe daga zaure, ya bi ta gefen layin wansa, ya wuce shi, ya je ya tsaya a ɗaya layin.

"Saboda me, Baba?"

"Na san Yaya. Mutum na mai zuciya, in ya hau ba ya jin kowa. Anka ce muna amana ta, kowa shi bi wanda yag ga ya dace. Ni kau sai nid ɗauka da gaske aka yi."

Abdulrasheed ya faɗi, kuma ba da kai ɗaya ya faɗi ba, da kusan ɗari. Ko ƙanen ya tsaya masa ba abin da zai canja. Amma ana cikin ƙirga Abdulrasheed ya waiwaya, suka haɗa ido. Washegari ya kafa zana ya raba tsakar gida biyu, da kaka ta yi ya raba gona. Gaisuwa ma ta ɗauke. Bayan rasuwar tsohuwarsu Albarka ya ɗaura kayansa a keke ya yi Kalgo, bai sake taka Masama ba.

"To wanda ya ci fa, wane ne? Me ya yi wa gari?"

Tsohon ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. "Wani dogo na... ɗan gidan... Ka gani, sunan ya ɓace min. Ba a jima ba ma soja sunka rushe su dut."

Malam Luka ya gyara zama ya yi bayani irin nasa na aji. An daina wannan tsarin tun tuni. Yanzu asirce ake yi, mutum ya shiga bayan labule ya dangwala abinsa, ko matarsa ba za ta sani ba. Ba wanda ke tsayawa bayan wani. Kuma sai da kati. Kuma shi Abdulrasheed ɗin, in ma yana raye, ai ba takara yake ba. Tsohon ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "To. Da sassahe za mu hita, kar a hwara ƙirga ba mu kai ba."

Binta ta biyo shi har ƙofa tana share ido da mayafi. "Baba Luka, in kun ƙi kai shi, da ƙahwa zai ce zai tahi. Ni kau ban son shi cika da abin ga a ransa."

Shi ya sa yanzu suke kan hanya. Sun ratsa Birnin Kebbi shaguna duk a rufe, titi fayau kamar an share, sai awaki. An sake tare su sau ɗaya, tsohon na barci, aka bar su. Bayan sun wuce Ambursa ya farka, ya kalli gonakin albasa ta taga.

"Ticha."

"Na'am, Baba."

"Kai da kas san boko. Ranar nan, daidai niy yi ko ban yi daidai ba?"

Malam Luka ya buɗe baki. Amsar tana nan a littafin aji biyar, ya sha rubuta ta a allo: ɗan ƙasa nagari cancanta yake bi, ba dangi ba. Amma ya dubi madubi ya ga kumburarrun ƙafafu, da 'yar da ba ta san gidan kakanta ba, da shekara talatin da wani abu da aka zubar saboda wani dogo da ba a tuna sunansa. Sai ya fasa faɗin ta. Ya ji tausayi, ya kuma ji haushin kansa.

"Akwai rami a gaba, Baba, riƙe da kyau," ya ce.

Wajen ƙarfe goma suka shiga Masama. Ba su sha wahalar neman rumfar ba, tsohon ne ma ya riƙa nuna hanya, dama, hagu, kamar jiya ya bar garin. Filin makarantar na nan, sai dai an ƙara azuzuwa biyu. An ajiye tebur a inuwar baranda, ga akwatuna, ga ɗan shingen da ake shiga a dangwala. Mutane sun yi layi biyu cikin rana.

Malam Luka da Binta suka fito da shi, kowa ya riƙe hammata ɗaya. Ya tsaya yana haki, ya kare ido da hannu.

"Layi biyu na. Wanne na na Yaya?"

"Wancan na mata ne, Baba," in ji Malam Luka.

"Mata sun tsai da nasu?"

"A'a, raba su kawai aka yi. Wannan na maza, wancan na mata."

"Dut mazan garin ga, layi guda?"

"Layi guda."

"Bayan wa?"

"Ba bayan kowa ba, Baba. Na gaya maka jiya, layin karɓar takarda ne kawai."

Tsohon ya bi layin da kallo tun daga baranda har bakin rijiya. Fuskarsa ta saki, har wani ɗan murmushi ya fito. "Ashe dut sun dawo ma Yaya. Ni kaɗai nir rage."

Malam Luka ya ja numfashi zai sake bayani, Binta ta ce a hankali, "Baba Luka, bar shi hakanan."

Suka tambayi wani mai rawani a ƙarshen layi ko Malam Abdulrasheed na nan. Mutumin ya yi ta maimaita sunan, sannan ya ce, "Au, Kansila kaka nuhi! Ga shi can, mai sanda." Ashe sunan kujerar da bai samu ba shi ya bi shi. Da farko da tsiya ake kiran sa haka, har tsiyar ta gaji ta zama suna. Mai rawanin ya ce tun safe ma'aikata suka ce tsofaffi su wuce gaba, Kansila ya ce shi ba ya tsallake kowa.

Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, da farar hula da ta sha wanki, yana tsakiyar layi. Suka nufe shi taku ɗaya-ɗaya. Wasu dattawa suka zuba wa mara lafiyan ido, ɗaya ya dafe baki, magana ta fara bin layi ƙasa-ƙasa. Mutumin da ke bayan Kansila ya ja da baya ba tare da an roƙe shi ba. Binta ta saki mahaifinta ta koma gefe, tun da layin maza ne, Malam Luka ya rungumo shi ta ƙugu. Baba Albarka ya ɗaga hannu da kyar ya ɗora a kafaɗar wansa.

"Wa na?" in ji Kansila, bai waiwayo ba.

"Ni na, Yaya. Albarka."

Malam Luka na ganin jijiyar wuyan dattijon ta miƙe.

"Albarka ya tahi Kalgo tun tuni."

"Na dawo. Ga ni bayanka."

"Bayana? Ni ban tsaya komi ba. Ni ma bayan wanga nike."

"Na dai zo, Yaya."

Kansila bai juyo ba. Malam Luka ya rasa abin da zai yi. Ya janye tsohon ne kafin a kunyata shi gaban jama'a, ko ya bar shi? Ya jira a kakkaɓe hannun nan daga kafaɗa, amma ba a kakkaɓe ba. Layi ya motsa, na gaba ya yi taku huɗu, Kansila ya yi ɗaya, ɗan ƙarami, ya tsaya. Sai da ya ji ƙafafun da ke bayansa sun ja sun iso, sannan ya ƙara ɗaya. Fili ya buɗe a gabansa har akuya ta ratsa.

"Kansila, matsa mana, rana na yi!" wani ya ɗaga murya daga baya.

"Mai sauri shi wuce," in ji Kansila. Ba wanda ya wuce.

Haka suka yi ta ja, kusan rabin awa. Nauyin tsohon na ƙaruwa a hannun Malam Luka, numfashinsa na fita da wani ɗan sauti. Sau biyu yana ce masa, "Baba, mu zauna kaɗan," sau biyu tsohon na girgiza kai.

A tebur wata budurwa ce mai rigar ma'aikatan zaɓe ke riƙe da na'ura. Ta karɓi katin Kansila, ta ɗauki fuskarsa, aka duba sunansa a rajista, aka miƙa masa takardu. Sannan ta ɗago.

"Baba, katinka?"

"Ƙirga ni nan, ɗiyata," in ji Baba Albarka. "Bayan Yaya."

Ta dubi Malam Luka. "Me ya ce?"

"Ba shi da kati," in ji Malam Luka. "Ba zaɓe ya zo ba. Wato... zaɓe ya zo, amma ba irin wannan ba." Shi kansa ya ji maganar ba ta da kai.

"Ka yi haƙuri, Baba, in ba kati ba zan iya ba ka takarda ba."

"Ban son takarda. Ƙirga ni dai."

Wani wakilin jam'iyya da ke zaune kan benci ya miƙe yana kaɗa biro. "Mun gani hwa! An hwara jigilar baƙi da mota daga wani gari. Ba mu yarda ba!" Wakilin ɗaya jam'iyyar ma ya miƙe, shi ma bai yarda ba, ko da yake bai san da me ba. Hayaniya ta fara tashi.

Kansila ya buga sandarsa a siminti.

"Ba baƙo ba na," ya ce. Har yanzu bango yake kallo. "Ƙanena na. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Zamna, kai."

Wakilan suka zauna. Hannun da ke kafaɗar Kansila ya ɗan matse rigar, sannan ya sulale.

"Ku kai shi inuwa," in ji Kansila, muryarsa ta sauka. "In jefa abin ga in taho. Akwai magana."

Suka zaunar da shi a gindin wata dalbejiya a gefen fili, Binta ta cire mayafinta na sama ta naɗe ta tallafe masa kai. Malam Luka ya kawo ruwa daga mota, tsohon ya jiƙa leɓe kawai.

"Ticha, an ƙirga?"

Malam Luka ya dubi layin da bai ragu ba, ya dubi akwatunan, ya dubi Binta. Ta kafe shi da ido.

"An ƙirga, Baba."

"Da ni?"

"Da kai."

"Ya ci?"

"Ba a faɗa ba tukuna."

"To," in ji tsohon. "To, madalla."

Numfashinsa ya canja. Binta ta gane kafin Malam Luka ya gane, ta sunkuya kusa da kunnensa tana maimaita masa kalmar shahada, leɓunansa na bin ta. Malam Luka ya cire hularsa ya ja baya taku biyu, ya juya wajen baranda yana neman Kansila da ido. Ƙafafunsa kawai ake gani a ƙarƙashin shinge. Idon Kansila ba ƙarfi, takardun kuma dogaye, alamomi birjik. Malam Luka ya so ya ƙwala masa kira, ya so ya ruga ya jawo shi, amma a iya saninsa ba a shiga wa mutum wurin dangwale. Yana cikin wannan shawara ya ji salatin Binta ya koma kuka.

Can sai ga Kansila ya jefa takardunsa, ya sauko daga baranda yana dogara sanda. Tun daga nesa yake magana, da ƙarfi, irin ta wanda ya shirya abin da zai faɗa kuma yake kewaye-kewaye kafin ya kai gare shi.

"Takardun ga nasu, alama ta hi ashirin, mutum shi rasa ta wa ta wa. Kai, Albarka, tashi mu tai gida, an dama hura. Zanan nan ma tun bara ta hwaɗi, ban tashe ta ba. Ka ji? Nic ce tun bara..."

Ya iso inuwar ya tsaya. Sai yanzu ya dubi fuskar ƙanensa. Ya dubi Binta, wadda bai sani ba, ya dubi Malam Luka da hula a hannu.

"Yanzun nan, Baba," in ji Malam Luka.

Sandar ta faɗi. Kansila ya durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗaya, yana faɗin "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Mutane suka fara barin layi suna matsowa, wasu na riƙe wa wasu wuri. Ya kai hannun dama ya shafa idanun ƙanen ya rufe su, ya bar hannun a nan ya daɗe.

Da ya ɗage, tawadar dangwalen da ba ta gama bushewa a babban yatsansa ba ta fito a fatar idon mamacin, shuɗiya, da zanen yatsan duka. Ya kamo bakin rigarsa zai goge. Ya tsaya yana kallon wurin, sannan ya saki rigar.